Na Goge Muryar Ƙanwata da Hannuna

Assalamu alaikum, Edita. Na jima ina karanta wannan shafi, ina ganin yadda mutane ke sauke abin da ya yi musu nauyi a zuciya. Yau na ce bari ni ma in rubuto nawa, ko wani zai karanta ya tsaya kafin ya kai inda na kai. Ina roƙon a sakaya sunana.

A lokacin da abin ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu maza, ina aiki a wata ma'aikatar gwamnati a nan Kaduna, muna zaune a Abakpa. Mu uku iyayenmu suka haifa: ni ce babba, sai ƙanena namiji, sai ƙanwarmu da kowa yake kira Auta. Gidanmu yana Badarawa. Mahaifinmu ma'aikacin gwamnati ne irin na da, ba ya makara, ba ya fita da takalmi ba gogewa, kuma ba shi da yawan magana. Tun ina ƙarama na sa wa raina cewa in ina son Baba ya yarda da ni, sai na zama irinsa. Na riƙe karatu da gaske, ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba, ban taɓa jawo masa magana a unguwa ba. Duk sakamakon da na kawo masa sai ya sa tabarau ya duba daga sama har ƙasa, ya ce madalla, Allah ya yi albarka, ya ninke takardar ya saka a fayil. Abin da nake samu ke nan, kuma na ɗauka iyakar abin da yake da shi ke nan, har sai da Auta ta taso.

Auta ba ta da ƙoƙari a makaranta, kuma abin bai taɓa damunta ba. Abin da Allah ya ba ta shi ne baki da kwaikwayo. In ta ga mutum sau ɗaya, ta ɗauke tafiyarsa da muryarsa da yadda yake gyara hula. Tana 'yar shekara bakwai ta fara sa Baba dariya, irin dariyar da ban taɓa sanin yana da ita ba, wadda sai ya dafe ciki yana tari. Ni in ya dawo daga ofis ruwa nake kai masa in durƙusa in gaishe shi, ita kuwa sai ta ɗauki jakarsa ta rataya, ta shiga tafiya irin tasa, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta, gajiyar ta sauka daga fuskarsa. Ina tsaye da kofi a hannu nake ganin wannan. Ban san sunan abin da nake ji ba a lokacin, na dai san in ta yi laifi nakan ji daɗin kai ƙararta.

Da ƙyar ta gama sakandare, ta koyi ɗinki, ta auri wani direba mutumin Katsina, suka kama haya a Unguwar Shanu, ɗaki biyu a gidan da ke cike da 'yan haya. Ni kuwa ina da falo mai kujeru da tayil, ina da mota. Na ɗauka yanzu kam kowa zai ga bambanci. Amma bayan la'asar, in Baba ya ji zaman gida ya ishe shi, Unguwar Shanu yake nufa. Yakan zauna a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, keken ɗinki na ƙara, yaran maƙwabta na tsallake ƙafafunsa, ta dama masa kunu yana sha suna hira har a kira magariba. Gidana sai da dalili yake zuwa, suna ko rashin lafiya. In ya zo ma a bakin kujera yake zama, kamar wanda ke jiran a kira shi wurin shugaba. Na sha girka masa abinci mai kyau ya ci loma uku ya ce alhamdulillahi. Na sha kuma jin Mama tana ba da labarin yadda ya cinye ɗanwaken Auta har da neman ƙari.

Ranar da danginmu ba sa mantawa ita ce ranar walimar ajiye aikin Baba. Ni na tsara komai, tun daga kujeru da rumfa har abinci, kwana uku ban huta ba. Bayan baƙi na nesa sun watse, aka rage 'yan uwa da maƙwabta na kusa a tsakar gida, sai Auta ta miƙe ta ce ita ma tana da jawabi. A lokacin ni kaɗai ke da waya mai ɗaukar bidiyo sosai a gidan, ƙanena ya ce in ɗauka, na ɗaga wayar na fara. Ta sa tabarau na Baba, ta ɗauki wani tsohon takalmi ta kara a kunne a matsayin waya, ta nuna yadda Baba yake miƙewa tsaye in shugabansa ya kira shi, yana rusunawa yana ranka ya daɗe alhali mutumin ba ganinsa yake ba. Ta koma kan Mama tana cinikin kifi, yadda take juya baya ta yi taku uku kamar ta fasa, tana satar kallon mai kifin ko zai kira ta. Ta yi na ƙanena yana tura babur ɗinsa da ya ƙi tashi yana yi wa 'yan mata murmushi. Wurin ya kaure da dariya, har matan maƙwabta suna leƙowa ta katanga.

Sai ta zo kaina. Ta rataya jaka a gwiwar hannu, ta ɗage hanci, ta shigo tana kaɗa makullin mota. Ta ciro hankici ta goge kujera kafin ta zauna, ta duba agogo, ta ce da muryata sak, “Baba, ka sha maganinka? Mama, wa ya bar bokitin nan a hanya? To ni zan wuce, ina da taro.” Ko minti ɗaya ba ta yi a kujerar ba ta miƙe. Dariyar da aka yi a nan ta fi ta ko'ina. Hular Baba ta faɗi ƙasa, hawaye na zuba a idonsa, ya kasa magana. Da ya samu numfashi sai ya miƙa hannu ya dafa kanta ya ce, “Auta, Allah ya bar mana ke.” Ni na ɗauki wannan addu'ar da hannuna. Na yi murmushi don kada a gane, amma a raina ina cewa kwana uku na yi ina wahala a kan walimar nan, ba wanda ya ce Allah ya bar musu ni.

Daga ranar wayata ta zama abin nema a gidanmu, ba ni ba. Duk baƙon da ya zo daga Zariya ko Kano, sai Baba ya aika a kira ni in zo da wayar a nuna masa. In na shiga gaishe su, kafin in zauna an ce ina wayar. Sai in miƙa, in koma gefe ina jin muryata tana fitowa daga bakin Auta, mutane na dariya suna waiwayowa su dube ni su ƙara fashewa. A lokacin ba a fara wannan tura abu ta waya cikin sauƙi kamar yanzu ba, kuma wayoyin sauran 'yan gidan ƙanana ne. Ƙanena ya sha roƙona in ba shi ya kai a juye a faifai, kowa ya samu nasa. Kullum sai in ce sai wani lokaci, ina da aiki da wayar. Gaskiyar ita ce ban so abin ya yaɗu, kuma can ƙasan raina ina jin daɗin cewa sai an bi ta kaina kafin a gani. Ni kaina, in ina ni kaɗai, nakan kunna in kalla, ba don in yi dariya ba, sai don in kai wurin da Baba ya dafa kanta in tsayar, in yi ta kallon fuskarsa.

Bayan kamar shekara ɗaya aka yi min ƙarin girma a wurin aiki, matsayin da Baba bai kai ba sai da ya kusa ajiye aiki. Daga ofis ban biya gida ba, na wuce Badarawa da takardar a jaka. Na tarar da shi a zaure da wani tsohon abokinsa da suka yi aiki tare. Na durƙusa na miƙa masa. Ya sa tabarau ya karanta, ya ce madalla, Allah ya sa albarka, Allah ya ba ki ikon riƙe amana. Ya maido min da takardar. Sai ya juya ga abokinsa fuskarsa ta washe, ya ce yawwa, ga ma wayar ta zo, bari ka ga abin da nake ba ka labari. Na zauna a nan da takardata a cinya, tsofaffi biyu suna dariya har da buga ƙafa. Abokin ya ce wannan 'ya taka Allah ya yi mata baiwa. Baba ya ce ai ita ce fitilar gidan nan.

Ban san yadda na tuƙa mota na iso Abakpa ba. Na tsaya a ƙofar gida ban fito ba, rana ta yi sanyi, yara na wasan ƙwallo a layin. Na ciro wayar na nemo bidiyon. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata ina son gogewa, na danna e. Ba zan yi ƙarya ba, ba kuskure ba ne, kuma ba a cikin ruɗewa na yi ba. Da na ga ya ɓace sai na ji wani sanyi a raina, kamar na cire ƙaya. Na shiga gida na ɗora girki.

Mako na zagayowa Baba ya nemi wayar, na ce katin ajiya na cikin wayar ya samu matsala, abubuwa da yawa sun ɓace har da shi. Ya ce ikon Allah. Auta tana nan a ranar, da tsohon ciki, na fari bayan shekara huɗu da aure. Ta dube ni ta yi dariya ta ce, “Haba Yaya, don wannan kika ɓata rai? Ai mai abin tana nan. Bari in sauka lafiya, da babbar Sallah zan yi muku sabo, har da tafiyar masu ciki.” Ita a zatonta damuwar rashin bidiyon ce a fuskata, har tana lallashina.

Ba ta kai Sallar ba. Wata biyu bayan haka naƙuda ta kama ta, mijinta yana hanyar Legas da kaya, ni na kai ta asibiti. Ta haifi 'ya mace da safe, sai jini ya ɓalle. An yi iya ƙoƙari, ƙanena ma ya ba da nasa jinin. A ɗan tsakanin da ta farfaɗo ta riƙe hannuna, ta tambaye ni ko yarinyar tana da lafiya, na ce lafiya ƙalau. Ta ce in wani abu ya faru ni take so in riƙe ta, don ni ce mai tsari, ita ta san a hannuna yarinyar za ta yi karatu ba irin nata ba. Na ce ta daina wannan magana. Kafin azahar ta cika.

Abin da zan faɗa yanzu shi ne wanda na fi jin kunyarsa. Na yi kuka a kan Auta, kuka na gaske, don ƙanwata ce, ni na goya ta. Amma ko a zaman makoki ƙyashin bai bar ni ba. Mutanen Unguwar Shanu suka yi ta zuwa Badarawa ƙungiya-ƙungiya, matan gidan hayarsu, masu kayan miya, mai sayar musu da ruwa, tsofaffin da take ɗinke wa kaya ba ta karɓi komai ba. Kowa da labarin da zai bayar, a fara da kuka a ƙare da murmushi. Ina zaune kusa da Mama ina amsa gaisuwa, zuciyata kuwa tana tambayata, in ke ce kika mutu, wa zai zo? Abokan ofis za su zo su yi rabin awa su duba agogo. Na tsinci kaina ina kishin gawa. Na yi ta istigfari, amma tunanin yana dawowa.

Bayan addu'ar bakwai Baba ya kira ni ɗakinsa. Ya rame, muryarsa ta dushe. Ya ce ko akwai yadda za a yi a dawo da abin nan na cikin waya, don shi ba komai yake so ba sai ya ƙara jin muryarta. A lokacin ne na gane girman abin da na yi. Muna da hotunanta, amma hoto ba ya magana. Akwai bidiyon bikinta, amma a ciki amarya ce, kanta a rufe, ba ta ce uffan ba daga farko har ƙarshe. Wurin da Auta take a matsayin Auta, tana magana, tana tafiya, tana dariya, guda ɗaya ne a duniya, kuma ni na goge shi. Ƙanena ya karɓi wayar ya kai wa masu gyara a kasuwa. Kwana biyun da ta yi a can ban iya cin abinci ba. Rabin zuciyata na roƙon Allah a samo shi, rabi na tsoron a gano yadda ya ɓace.

Da ya dawo da ita bai kai wa Baba ba, gidana ya zo. Ya ƙi zama. Ya ajiye wayar a kan tebur ya ce, “Mai gyaran ya ce katin lafiyarsa ƙalau. Hotunan sunan ɗanki duk suna nan, da na ofis ɗinku. Abu ɗaya ne babu, kuma an ɗora wasu a kansa, ba zai dawo ba.” Ya tsaya yana kallona, yana jiran in ce wani abu. Na sunkuyar da kai. Ya juya ya fita. Ya je ya gaya wa Baba cewa an gwada bai yiwu ba, bai ƙara komai a kai ba. Bai taɓa tona min asiri ba, amma daga ranar gaisuwa ce kawai tsakanina da shi, shekara da shekaru.

Na ɗauki yarinyar kamar yadda uwarta ta so, da yardar mahaifinta. Na shayar da ita madara, na yi rainonta tare da 'ya'yana, ta tashi tana kirana Mama. Ina sonta, Allah ne shaida. Amma tana fara tafiya da magana sai ga Auta ta fito a jikinta, idanun, bakin, har kwaikwayon. Tana shekara huɗu ta iya tafiyar maigidana. Abin da na yi shekaru ina nema sai ya samu: Baba ya fara zuwa gidana bayan la'asar, ba suna, ba rashin lafiya. Yakan zauna a ƙasa a kan kafet, ya jingina da kujera, ta hau cinyarsa tana ja masa gemu. Na san ba don ni yake zuwa ba. 'Ya'yana maza in sun kawo masa sakamakon makaranta madalla suke samu, irin tawa. Akwai ranar da ya zo na ce masa tana barci, alhali tana ɗaki tana wasa, don kawai in ga ko zai zauna da ni. Ya tambayi lafiyarmu, ya sha ruwa, ya ce to bari ya koma kafin hanya ta cushe. Na raka shi ƙofa, na dawo na shiga bayi na yi kuka, kuma ban san ko kukan na baƙin ciki ne ko na haushi ba.

Duk Sallah in mun taru a Badarawa, bayan an ci abinci, sai wani ya ɗauko labarin walimar nan. Ya zama kamar al'adar gidanmu. Kowa ya kawo abin da ya tuna, a yi dariya, Mama ta share hawaye da bakin mayafi. Amma shekaru na tafiya labarin na zaizayewa. Mama ta ce hular Baba Auta ta sa, ƙanena ya ce tabarau ne. Wata gwaggonmu ta ce da Mama ta fara, wani ya ce da Baba. Ni da na kalle shi ya fi sau ɗari na san komai dalla-dalla, amma ban taɓa buɗe baki ba. Kullum kuma da magana ɗaya ake rufewa, da ma abin nan bai ɓace ba. In an faɗi haka ƙanena yakan tashi ya fita waje.

Abin da ya karya ni ya faru ne wata Asabar da hantsi, yarinyar tana shekara tara. Ta san ba ni na haife ta ba, ba mu ɓoye mata ba. Tana zaune tsakanin ƙafafuna ina yi mata kitso, sai ta ce, “Mama, muryar Ummana irin ta wa ce? Kowa yana cewa tana ba da dariya, ni ban taɓa ji ba.” Hannuna ya tsaya a kanta. Na buɗe baki in kwatanta mata, sai na tarar ni ma na kasa jiyo ta. Na tuna kalmomin, na tuna yadda take karkata kai, amma sautin ya tafi. Na ce mata murya ce mai daɗi. Ta ce ai kowa haka yake cewa. Sannan ta ce wata ƙawarta a Islamiyya ita ma babanta ya rasu, amma suna da shi a waya yana karatu, in ta yi kewarsa sai ta kunna. Na ƙarasa kitson hawaye na ɗiga a gashinta, na ce mata mura ce.

Washegari bayan la'asar na tafi Badarawa. Baba ya tsufa sosai, idonsa ya yi rauni, yana zaune a tsakar gida Mama na gefensa tana tsince shinkafa. Na durƙusa a gabansu na faɗi komai, tun daga ranar ƙarin girma har zaman da na yi a mota. Ban rage ba, ban kuma nemi uzuri ba. Carbin Baba ya tsaya a hannunsa. Can ya ce, “Me ta yi miki?” Na ce ba ta yi min komai ba. Ya ce, “To me ya sa?” Sai abin da na riƙe tun ina yarinya ya fito. Na ce Baba, ban taɓa sa ka dariya ba, ba ka taɓa zama a gidana don ni ba, ba ka taɓa cewa Allah ya bar maka ni ba. Ina faɗa ina jin yadda maganar ta yi ƙanƙanta a bakin mace mai shekara arba'in da wani abu.

Ya ce shi bai taɓa jin tsoro a kaina ba, shi ya sa. Tun ina ƙarama ya san in ya juya baya zan tsaya da ƙafata, in tsayar da wasu. Auta kuwa kullum gabansa na faɗuwa a kanta, ba karatu, ba ƙarfi, ga miji kullum a hanya. Ya ce takarduna duka suna nan a fayil, ba wadda ya yar, kuma ba abokinsa da bai san matsayina ba. Sannan ya ce, “Laifina ne da ban faɗa miki ba. Amma laifina ne, ba nata ba. Nawa na yafe miki. Na yarinyar nan kuwa ba ni zan yafe ba.” Mama ba ta ɗago ba. Da na matsa kusa da ita sai ta ce ita ce ta fi kowa son ta ƙara jin muryar, amma ba ta taɓa tambayata ba don kada in ji kamar ana ɗora min laifin lalacewar waya. Ta ɗauki farantinta ta shiga ɗaki. Sai da aka yi kusan wata biyu kafin ta koma yi min magana kamar da. Ƙanena kuwa da ya ji na faɗa, shi ya fara zuwa gidana, ya zauna ya ci abinci, bai ɗauko maganar ba, ni ma ban ɗauko ba.

Na so a ce bayan wannan ƙyashin ya mutu gaba ɗaya. Bai mutu ba, ya dai yi rauni, kuma yanzu ina gane shi in ya taso, in nemi tsari. Abin da na koya shi ne, ƙyashin ɗan uwa ba ya zuwa da siffar ƙiyayya. Ni ban taɓa ƙin Auta ba, ban taɓa yi mata fatan sharri ba. Zuwa yake da siffar neman adalci, yana gaya maka kai ne ka fi wahala, kai ne aka ƙwara, har ka yarda cewa ɗan abin da za ka yi ba komai ba ne. Na ɗauka ita nake rage wa wani abu, ashe iyayena na cuta, da jaririyar da ba a ma haifa ba, da ni kaina. Kuma na yi ne da tunanin akwai sauran lokaci, za ta yi wani, za mu shirya. Ba wanda ya ba ni wannan tabbacin.

Ina kira ga duk wanda yake jin irin abin da na ji game da ɗan uwansa, ya je ya faɗa wa wanda ya dace tun abin yana magana, kafin ya zama aiki. Da na durƙusa gaban Baba shekara goma kafin ranar na ce masa ina son in ji yana alfahari da ni, da ya faɗa min, da komai bai faru ba. Iyaye kuma, ɗan da kuke ganin ya tsaya da ƙafarsa shi ma yana jiran kalma daga bakinku, kada ku bar shi ya yi ta hasashe.

Yarinyar ta shiga babbar sakandare bana. Na yanke cewa in ta gama jarrabawar zangon nan zan zaunar da ita in gaya mata da bakina. Ban san yadda za ta dube ni ba, ban san ko za ta ci gaba da kirana Mama ba, kuma in ta daina ba zan ga laifinta ba. Ku taya ni da addu'a. Ita kuma Auta, Allah ya jiƙanta, ya sa ta yafe min.